BABI NA UKU: JIGON LAUNIN FATA DA ƘIMAR KAI A LITTAFIN THE BLUEST EYE NA TONI MORRISON

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana ma'anar jigo da hanyoyin da manazarta adabi suke bi wajen gano shi a cikin ƙagaggen labari. A wannan babi za a ɗauki littafi guda a feɗe shi, wato The Bluest Eye na Toni Morrison, marubuciya baƙar fata daga ƙasar Amurka. Idan za a fassara sunan littafin da Hausa, sai a ce "Idon da Ya Fi Kowane Ido Shuɗi". An zaɓi wannan littafi ne domin ya taɓo wani ɓangare na wariyar launin fata wanda ba a cika tattauna shi ba, wato ɓarnar da wariya take yi a cikin zuciyar wanda ake yi wa ita, har ya kai ga ƙin halittarsa.

Ra'ayin da wannan babi zai kare shi ne cewa a cikin littafin, farar fata ne suka ƙera ma'aunin da ake auna kyau da daraja, amma yawancin hannayen da suka halaka babbar tauraruwar labarin hannayen baƙaƙe ne 'yan'uwanta, waɗanda suka karɓi wannan ma'auni suka shigo da shi cikin gida. Za a fara da taƙaitaccen tarihin marubuciyar, sannan labarin a gurguje, sai warwarar jigo, da yadda zubi da tsari suka taimaka wa jigon, da kuma raunin da aka gani.

3.1 Marubuciyar da Zamanin Littafin

An haifi Toni Morrison a ranar 18 ga watan Fabrairu, 1931, a garin Lorain na jihar Ohio. Sunanta na yanka Chloe Wofford. Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Howard a 1953, ta yi na biyu a Jami'ar Cornell a 1955. Ta koyar a jami'a, daga baya ta zama edita a kamfanin ɗab'i na Random House. The Bluest Eye shi ne littafinta na farko, an buga shi a 1970. A 1993 ta sami kyautar Nobel ta adabi, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta samu. Ta rasu a watan Agusta na 2019.

Akwai zamani biyu da ya kamata mai nazari ya riƙe. Na farko shi ne zamanin da labarin ya faru, wato 1940 zuwa 1941. A lokacin an yi shekara 75 da haramta bauta a Amurka, amma dokokin wariya suna nan daram a jihohin kudu, kuma baƙaƙe da yawa suna ƙaura zuwa biranen arewa neman aiki a masana'antu. Iyayen babbar tauraruwa suna cikin waɗannan masu ƙaura. Na biyu shi ne zamanin da aka rubuta littafin, wato shekarun 1960, lokacin da matasan baƙaƙe suke yayata kirarin cewa baƙar fata kyakkyawa ce. Morrison ta koma baya ne domin ta nuna dalilin da ya sa har aka buƙaci wannan kirari tun farko. A jawabin da ta ƙara wa littafin a 1993, ta bayyana cewa tushen labarin wata ƙawarta ce ta makarantar firamare wadda ta taɓa gaya mata tana son a ce idanunta shuɗɗa ne.

Wannan matsala ba a adabi kaɗai aka lura da ita ba. A shekarun 1940, masana halayyar ɗan'adam Kenneth Clark da matarsa Mamie sun yi gwaji da 'yartsana fara da baƙa, suka tarar da yawancin yara baƙaƙe sun fi son farar. An kafa hujja da aikinsu a shari'ar 1954 wadda ta haramta raba makarantu bisa launin fata. Haka kuma Frantz Fanon, ɗan tsibirin Martinik, ya yi littafi a 1952 a kan yadda baƙin da aka mulka yake ɗaukar idon mai mulkinsa yana kallon kansa da shi. Abin da waɗannan masana suka bayyana da harshen ilimi, shi ne Morrison ta ɗora a kan yarinya guda.

3.2 Labarin a Taƙaice

Pecola Breedlove yarinya ce baƙa 'yar shekara 11. Tana zaune da mahaifinta Cholly, da mahaifiyarta Pauline, da wanta Sammy, a cikin wani tsohon kanti da aka mayar ɗakin kwana. Uban mashayi ne, kullum cikin dambe yake da matarsa. Kowa a garin yana ganin Pecola mummuna ce, ita ma ta yarda da haka. Saboda haka ta shekara tana addu'a kowane dare Allah ya ba ta shuɗɗan idanu irin na 'ya'yan Turawa. Daga baya mahaifinta ya yi mata fyaɗe cikin maye, ta yi ciki, ta haifi bakwaini, jaririn ya mutu. Ta je wurin wani ɗan tsibbu mai suna Soaphead Church, ya yaudare ta cewa buƙatarta ta biya. Labarin ya ƙare tana da taɓin hankali, tana yawo a bayan gari, ta yi imani ta sami idanun da take so. Wadda ta ba da yawancin labarin ita ce Claudia MacTeer, 'yar shekara 9 a lokacin, wadda Pecola ta taɓa zama a gidansu na ɗan lokaci bayan Cholly ya cinna wa gidansa wuta.

3.3 Warwarar Jigo

Babban jigon littafin shi ne illar wariyar launin fata ga ƙimar da mutum yake bai wa kansa. Marubuciyar ta warware shi hawa-hawa, daga waje zuwa cikin gida.

3.3.1 Ma'aunin Kyau Daga Waje

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, ba wata doka ko ɗan sanda da ya tilasta wa Pecola ta ƙi kanta. Ƙananan kayayyaki ne na yau da kullum suka yi wannan aiki. A gidan su Claudia akwai wani kofi mai ɗauke da hoton Shirley Temple, yarinya Baturiya wadda ta yi tashe a silima a shekarun 1930. Pecola ta shanye madara kusan lita uku, har uwar Claudia ta yi ta faɗa tana zaton haɗama ce. Alhali kuwa yarinyar dalili take nema na riƙe kofin domin ta ci gaba da kallon fuskar da ke jikinsa. Haka nan idan ta sami 'yan kwabbai, alewar da take saye ita ce mai hoton wata farar yarinya mai shuɗɗan idanu a jikin takardarta.

Abin lura a nan shi ne, a wurare biyun ta baki ne farin yake shiga jikin Pecola, tana shan sa, tana tsotsar sa. Wannan alamci ne na yadda ra'ayin yake ratsa yaro tare da abincinsa, tun bai isa yin gardama ba. Kuma manya baƙaƙe ne suke sayo kofin, su ne suke bai wa 'ya'yansu farar 'yartsana a lokacin Kirsimeti a matsayin kyautar da ta fi kowace.

3.3.2 Kallon da Ba Ya Gani

Wurin da Pecola ta yi ido huɗu da farar fata a labarin shi ne kantin Yacobowski, wani dattijo baƙon haure mai sayar da alewa. A kan hanyarta ta zuwa tana kallon wata ciyawa mai furen rawaya, tana mamakin me ya sa mutane suke tuge ta alhali tana da kyau. Da ta isa kantin, mutumin bai zage ta ba, bai kore ta ba. Ya dai dube ta kamar ba kowa a gabansa, kuma ya yi ƙyamar hannunsa ya taɓa nata wajen karɓar kuɗi. Da ta fito, sai ta sake duban furen nan ta yanke hukunci cewa lallai mummuna ce, ciyawa ce kawai.

A ra'ayin wannan nazari, wannan shi ne wurin da ya fi kowane fito da jigon. Furen bai canja ba tsakanin shigarta da fitowarta. Idon da take kallo da shi ne aka musanya mata. Daga nan ne za a fahimci dalilin da ya sa idanu take roƙo, ba farar fata ko dogon gashi ba. Ido ana ganin sa, kuma da shi ake gani. Pecola tana zaton in idanunta suka zama shuɗɗa mutane za su gan ta, sannan abin da take gani ma zai canja, domin iyayenta ba za su yi dambe a gaban kyawawan idanu ba. Wato a ƙarƙashin roƙon kyau, ƙauna da kwanciyar hankali take nema.

3.3.3 Wariya Tsakanin Baƙaƙe

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Marubuciyar ta ba da fili mai yawa wajen nuna wannan tsaga. A makaranta Pecola ita kaɗai ce take zama a kan bencin mutum biyu, malamai ba sa duban ta. Wata rana yara maza suka kewaye ta suna yi mata waƙar tsokana saboda baƙinta, alhali su ma baƙaƙe ne. Abin da aka koya musu su ƙi a jikinsu shi suka jefa mata.

Sai kuma Maureen Peal, sabuwar ɗaliba mai hasken fata, 'yar masu hali, wadda malamai da ɗalibai suke lallaɓawa. Ta nuna kamar tana son Pecola, har ta saya mata askirim, amma da gardama ta haɗa su, sai ta tsallaka titi tana yi musu gorin cewa ita kyakkyawa ce su kuwa baƙaƙe munana. Claudia ta gane cewa Maureen ba ita ce abokiyar gaba ba. Abin tsoron shi ne abin da ya sa kowa ya yarda Maureen ta fi su.

Wadda ta fi muni ita ce Geraldine, mace mai ilimi da tsabta, wadda ta raba baƙaƙe gida biyu: masu kamun kai irinta, da kuma ƙazamai 'yan talakawa. Ta hana ɗanta Junior wasa da rukuni na biyu, tana shafa masa mai kada fatarsa ta yi furu-furu, amma kyanwarta take nuna wa ƙauna ba shi ba. Junior ya yaudari Pecola zuwa gidansu, ya jefa mata kyanwar a fuska, ya wurgar da dabbar ta faɗi ba motsi, sannan ya ɗora wa Pecola laifi. Geraldine ba ta tambayi ba'asi ba. Da ta ga yagaggiyar riga da hargitsattsen gashi, sai ta ga duk abin da ta ƙare rayuwarta tana gudu, ta kore ta da zagi mai haɗe da launin fatarta. Ba banza ba ne marubuciyar ta sanya kyanwar ta zama baƙa mai shuɗɗan idanu, wato siffar da Pecola take mafarki, kuma ga yadda ta ƙare.

Shi ma Soaphead Church daga wannan tsatso yake. Danginsa mutanen tsibiran Karibiyan ne masu alfahari da ɗigon jinin wani Baturen Ingila, suna zaɓen masu hasken fata wajen aure domin kada zuriyar ta koma baƙa. Shi ya sa da Pecola ta zo masa da buƙatarta bai ga wauta a ciki ba, ya ga roƙo ne mai ma'ana ƙwarai. Ya ba ta nama mai guba ta bai wa tsohon karen mai gidan da yake haya, wanda dama yake son ya rabu da shi, ya ce in karen ya yi wani baƙon motsi to addu'arta ta karɓu. Karen ya mutu a gabanta.

3.3.4 Cikin Gida: Pauline da Cholly

Duk abin da aka ambata a sama, yaro yana iya jure masa in yana da gidan da zai koma. Pecola ba ta da shi. A nan marubuciyar ta yi abin yabo, domin ta koma ta ba da tarihin kowane ɗaya daga cikin iyayen kafin ta nuna laifinsa.

Pauline 'yar ƙauye ce daga Alabama, tana ɗingishi saboda ƙusar da ta taka tana 'yar shekara biyu. Da suka zo Lorain sai kaɗaici ya dame ta, matan birni baƙaƙe suna yi wa maganarta da gashinta dariya. Ta mayar da gidan silima mafaka, kuma a can ta koyi auna kowace fuska da ma'aunin taurarin fim. Wata rana ta gyara gashinta irin na Jean Harlow, tana cikin kallo tana cin alewa sai haƙorinta na gaba ya fita. Daga ranar ta sallama cewa ita mummuna ce. Lokacin haihuwar Pecola a asibiti, ta ji likita yana gaya wa ɗalibansa cewa irin waɗannan mata ba sa jin zafin naƙuda, kamar dawaki suke. Da aka miƙo mata jaririyar, hukuncin da ta yanke a ranta shi ne mummuna ce.

Pauline ta sami ƙimarta ne a gidan wasu Turawa, iyalin Fisher, inda take aikatau. A can akwai tsabta da tsari da yabo. 'Yar gidan tana kiran ta Polly, alhali 'ya'yan cikinta da "Misis Breedlove" suke kiran ta. Ranar da Pecola ta kifar da wani abincin zaƙi mai zafi a ɗakin girkin gidan, har ya ƙona mata ƙafafu, uwar ta mare ta ta kai ta ƙasa, ta kore ta, sannan ta juya tana rarrashin 'yar Turawan da ta tsorata. Ba a buƙatar sharhi mai tsawo a kan darasin da yarinya za ta ɗauka daga wannan.

Shi kuwa Cholly, yana da kwana huɗu a duniya uwarsa ta yar da shi a juji, wata 'yar'uwar kakarsa mai suna Jimmy ta tsince shi ta rene shi. Yana saurayi, wasu Turawa biyu mafarauta suka tarar da shi da wata yarinya Darlene a daji, suka haska su da tocila, suka tilasta masa ya ci gaba suna kallo suna dariya, ga bindiga a hannunsu. Abin da marubuciyar ta ja hankali a kai shi ne, Cholly bai tsani Turawan ba, Darlene ya tsana. Tsanar Turawa masu bindiga ta fi ƙarfinsa, sai ya sauke ta a kan wadda ta ga tozarcinsa kuma ta fi shi rauni. Wannan shi ne tsarin da ke tafiyar da dukkan littafin: wulaƙanci yana gangarowa daga sama, kowa ya karɓa sai ya miƙa wa na ƙasa da shi, har ya iso ga yarinya baƙa, talaka, mace, ƙarama, wadda ba ta da na ƙasa da ita. Tarihin Cholly bai wanke shi daga laifin fyaɗe ba, kuma marubuciyar ba ta nufi haka ba. Ya dai hana mai karatu ya ɗauke shi a matsayin dodo da ya faɗo daga sama.

3.3.5 Claudia a Matsayin Kishiyar Pecola

Da a ce Pecola kaɗai ce a littafin, da sai a ce duk yarinya baƙa makomarta ke nan. Claudia ce ta hana wannan fahimta. Ita ma baƙa ce, talaka, a gari ɗaya da makaranta ɗaya. Amma idan aka ba ta farar 'yartsana sai ta ɓaɓɓalla ta, tana neman inda sirrin kyan da ake faɗa yake ɓoye. Fushi take yi a inda Pecola take jin kunya.

Me ya bambanta su? Amsar da littafin ya bayar ita ce gida. Uwar Claudia mafaɗaciya ce, ba ta iya tattausan lafazi ba, amma da Claudia ta kwanta ciwo ita ce ta shafe mata ƙirji da magani, ta zo cikin dare ta gyara mata mayafi. Da wani ɗan haya, Henry, ya taɓa jikin yayarta Frieda, ubansu ya yi masa duka har ya bi shi da bindiga. A gida ɗaya uba yana kare 'yarsa, a ɗayan uba ne mai cutarwa. Ke nan ƙimar kai a ganin Morrison ba abu ba ne da yaro yake ƙirƙira wa kansa. Sai wani ya fara nuna masa yana da daraja kafin ya iya musanta masu cewa ba shi da ita. Duk da haka marubuciyar ba ta mayar da Claudia jaruma ba, domin ita da kanta ta amsa cewa da ta girma ta koyi son Shirley Temple kamar kowa.

3.4 Gudummawar Zubi da Tsari ga Jigo

Littafin ya buɗe ne da wani ɗan sakin layi da aka kwaikwayo daga littattafan koyon karatu na Dick da Jane, waɗanda aka fara amfani da su a makarantun Amurka a 1930. Suna nuna iyalin Turawa cikin jin daɗi: kyakkyawan gida, uwa, uba, kyanwa, kare da aboki. An maimaita sakin layin sau uku. Na farko daidai yake, na biyu ba alamomin rubutu, na uku kuwa kalmomin sun cakuɗe ba tazara a tsakaninsu. Sannan aka gutsuro yankuna daga na ukun aka sanya su kanun babi-babi. Inda kanun ya ambaci gida, tsohon kantin su Pecola za a gani. Inda ya ambaci kyanwa, ta Geraldine ce. Kare shi ne wanda aka bai wa guba, abokin wasa kuwa ita ce ƙawar da Pecola ta ƙirƙira a cikin haukarta. Da wannan dabara aka nuna cewa tun daga littafin aji ɗaya ake fara gaya wa yaro baƙi cewa rayuwar kirki ba irin tasa ba ce.

An kuma raba littafin kashi huɗu bisa yanayin shekara na ƙasar: lokacin zubar ganye, na sanyi, na toho, da na zafi. Sai dai an juya abin da aka saba. A lokacin toho, wanda ake dangantawa da sabuwar rayuwa, aka yi wa Pecola fyaɗe. Claudia da Frieda sun binne kuɗin da suke tarawa na sayen keke, suka shuka irin wani fure da fatan in ya tsiro jaririn Pecola zai rayu. Bai tsiro ba. Da farko Claudia ta zargi kanta da zurfafa shukar, daga baya ta gane ƙasar ce ta ƙi karɓar irin a wannan shekara. Ƙasar a nan tana alamta al'umma.

Bugu da ƙari, an faɗi ƙarshen labarin tun a shafukan farko. Saboda haka mai karatu ba ya jiran ya ji me zai faru, hankalinsa yana kan yadda abin ya faru da kuma masu hannu a ciki.

3.5 Raunin Littafin

Duk da waɗannan nasarori, wannan nazari ya ga rauni a wurare biyu. Na farko, Pecola kusan ba ta da murya. An bar Pauline ta yi magana da bakinta, an bar Soaphead ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga Ubangiji, amma ita mai labarin sai a ƙarshe aka ji ta sosai, bayan hankalinta ya gushe. Ana iya cewa da gangan ne, domin a nuna yadda aka toshe mata baki. Amma sakamakonsa shi ne mai karatu ya fi jin tausayinta fiye da sanin ta, kuma tausayi kan zo da nisa. Ita kanta Morrison ta nuna rashin gamsuwa a jawabinta na 1993, inda ta ce manufarta ita ce masu karatu su tuhumi kansu, amma da yawa sun tsaya ga tausayi kawai.

Na biyu, masifun da aka tara wa Pecola sun yi yawa: talauci, uba mashayi, uwa mai ƙin ta, fyaɗe, mutuwar jariri da hauka. Wannan yana bai wa mai karatu ƙofar tserewa, ya ce ai lalacewar gida ce ta halaka ta, ba launin fata ba. Abin da ya rage wannan rauni shi ne taurari irin su Geraldine da Maureen, waɗanda gidajensu lafiya lau suke amma ciwon yana jikinsu. Sai kuma jawabin Claudia na ƙarshe, inda ta haɗa da kanta a cikin masu laifi, ta amsa cewa mutanen garin sun mayar da Pecola jujin da suke zubar da abin da suke ƙi a jikinsu, domin kusa da ita kowa yana jin shi kyakkyawa ne.

3.6 Dangantaka da Adabin Hausa

Tarihin baƙaƙen Amurka daban yake da na Hausawa, don haka bai dace a ɗauki hukuncin can a ɗora a nan kai tsaye ba. Amma tambayar da littafin ya tayar ta shafi ɗalibin Hausa. A yawancin littattafan soyayya na Adabin Kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, an saba siffanta tauraruwa da cewa fara ce, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko Ba'indiya. Idan aka haɗa wannan da yawaitar man bilicin a kasuwanninmu, ya halatta a tambayi abin da yarinya baƙa take ji idan ta karanta littafi goma ba ta ga mai kama da ita an kira ta kyakkyawa ba. Babi na gaba zai duba wannan da misalai.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa jigon The Bluest Eye shi ne yadda wariyar launin fata take rusa ƙimar da mutum yake bai wa kansa. An nuna cewa ma'aunin ya fito ne daga farar fata ta hanyar silima, da 'yartsana, da littafin makaranta, amma 'yan aji, da maƙwabta, da iyaye baƙaƙe ne suka aiwatar da shi a kan Pecola, kowa yana sauke nauyinsa a kan wanda ya fi shi rauni. An kuma ga cewa abin da ya tserar da Claudia shi ne gidan da ya ɗauke ta da daraja duk da talauci. Zubi da tsarin littafin sun yi wa jigon hidima ƙwarai, ko da yake rashin muryar babbar tauraruwa da tarin masifun da aka ɗora mata sun rage ƙarfin tuhumar da marubuciyar ta so mai karatu ya yi wa kansa.